Masu Koyon Zane Da Hoton Cikin Ɗaki

Cikin sana'o'in da mutanen Turai suka daɗe suna alfahari da su akwai zanen hoto da fentin mai. Wannan hoto ba irin wanda a ke ɗauka da na'ura ba ne. Mutum ne zai kafa ƙyalle a gabansa, ya ɗauki burushi da launi, ya yi ta shafawa kaɗan kaɗan, wata da watanni, har siffar abin da ya ke nufi ta fito kamar a taɓa. Tun da can kuwa babbar ƙofar shiga wannan sana'a ita ce a ba yaro hoton da wani gwani ya gama, a ce ya yi irinsa. Amma kwaikwayo suna ne ya tara shi. Yadda yaron shago ya yi shi a ƙasar Holan wajen 1650 dabam, yadda ɗalibi ya yi shi a birnin Faris bayan shekara ɗari biyu da 'yan kai dabam, yadda wani Ba'amurke ya yi shi a wannan ƙarni kuma dabam. Abin da ya raba su shi ne, hoton fentin mai hawa hawa a ke gina shi, kamar yaɓen soro, wanda ya zo bayan an gama kuwa, yaɓen ƙarshe kaɗai zai gani.

Shi fentin mai ba wani abu ba ne illa garin launi da aka kwaɓa da mai. Man da aka fi amfani da shi daga 'ya'yan wani tsiro a ke matso shi, watau tsiron da a ke saƙa yadin lilin da zarensa. Kafin ya yaɗu, da gwaiduwar ƙwai a ke kwaɓa launi, ita kuwa nan da nan ta ke bushewa, ba ta ba mai zane damar gyara. Mai kuwa ya kan yi kwanaki bai bushe ba. Ana iya haɗa launi biyu bisa ƙyallen har mahaɗarsu ta ɓace, ana kuma iya shafa shi tsararo bisa wani launi, na ƙasan ya riƙa leƙowa ta cikinsa. An daɗe ana cewa Jan van Eyck, mutumin birnin Bruges, a ƙasar da yanzu a ke kira Beljiyam, shi ya ƙago shi. Ba haka ba ne, gama an sami zanen mai a bangon waɗansu kogwannin dutse a Bamiyan ta Afganistan, wanda ya girmi Van Eyck da fiye da shekara ɗari bakwai. Abin da Van Eyck ya yi shi ne ya nuna wa duniya inda mai zai iya kai mai zane. Cikin 1434 ya zana wani attajiri da mace tsaye cikin ɗaki, ga gado, ga taga, ga lemo, ga ɗan kare, ga kuma madubi a bango wanda ya nuna bayansu da waɗansu mutum biyu a bakin ƙofa. Hoton yana Landan.

Amma inda hoton cikin ɗaki ya zama sana'a mai ci, har mutum ya riƙe iyali da ita, ita ce ƙasar Holan. Mutanen nan sun yi shekara tamanin suna yaƙi da Sarkin Sifen kafin ya sakar musu ƙasarsu cikin 1648. A sauran ƙasashe sarakuna da shugabannin coci su ke sa a yi musu hoto, su biya. A Holan kuwa mulki yana hannun attajiran birane, kuma ɗariƙar da ta fi ƙarfi a ƙasar ba ta yarda a rataya hoto a wurin ibada ba. Saboda haka masu zane suka juya wajen fatake da masu kanti, su kuwa abin da suka sani shi su ke so su gani a bangonsu: mace tana shara, ko tana karanta wasiƙa a bakin taga, ko uwa tana duba kan 'yarta ko da ƙwarƙwata. Wani matafiyi mutumin Ingila, Peter Mundy, da ya je Amsitadam cikin 1640, ya yi mamakin ganin hotuna har a shagunan mahauta da maƙera da masu gyaran takalma.

Irin wannan hoto kuwa ya dace da ɗan koyo ƙwarai. Cikin ɗan ƙyalle guda zai gamu da tagulla da yumɓu da gilashi da tufafi da fatar mutum, ko wanne da yadda ya ke karɓar haske. Hasken kuma ta taga guda ya ke shigowa, ana iya bin sawunsa daga inda ya faɗo har inda ya mutu. In yaro ya yi shakkar inuwar tulu, ba sai ya yi tafiya ba, ga tulu nan a madafar maigidansa.

Yaro ya kan shiga hannun maigida yana ɗan shekara goma sha biyu ko sha huɗu. Ubansa zai yi yarjejeniya da gwanin, ya kuma biya kuɗin koyo. Wani Bajamushe mai zane, Joachim von Sandrart, wanda ya zauna a Amsitadam, ya ba da labari cikin littafinsa na 1675 cewa ko wane almajirin Rembrandt gilda 100 ya ke biya a shekara. Gilda ita ce kuɗin ƙasar a lokacin, abin da mai sana'ar hannu ke samu a yini kuwa bai wuce gilda ɗaya da 'yan kai ba. Ashe ke nan ba ɗan kowa ke shiga shagon babban gwani ba. A birnin Delft ƙungiyar masu sana'ar, wadda ta haɗa masu zane da masu aikin gilashi da masu yin tangaran, ba ta karɓar mutum a matsayin gwani sai ya yi shekara shida yana koyo.

Farkon aikin yaro shara ne, da wanke burushi, da niƙa launi. Niƙan nan ba ƙaramar makaranta ba ce. A kan zuba garin bisa wani faffaɗan dutse mai santsi, a ɗiga mai, a yi ta murzawa da ɗan dutse har hannu ya gaji. Nan yaro zai gane ko wane launi da halinsa. Farin da a ke yi da dalma ya kan bushe da wuri, baƙi ya kan daɗe. Wani launi yana shan mai da yawa, wani shuɗi kuwa in an cika niƙa shi sai ya koɗe. Ba a niƙa da yawa, don kada ya bushe a banza. Abin da ya ragu a kan ɗure shi cikin mafitsarar alade a ɗaure, in ana bukata a huda a matso. Shi ya sa gwani ba ya ɗora launi ashirin bisa allonsa. In yau riga zai yi, launin riga kaɗai a ke niƙa masa.

Sa'an nan yaro zai ga yadda a ke gina hoton tun daga tushe. A ɗaure ƙyallen bisa katako ya yi tauri kamar fatar ganga, a shafe shi da danƙon da a ke dafawa daga fatun dabbobi don kada mai ya ci zaren, a bi shi da alli da farin dalma, sau da yawa a surka ɗan launin toka ko na ƙasa. In ya bushe maigida ya fitar da siffofi da layi. Bayan wannan sai a yi hoton duka da launi ɗaya ko biyu marasa armashi, don a raba haske da inuwa. Mutanen Holan suna kiran wannan hawa da sunan da ma'anarsa mataccen launi. Sai ya bushe a zo a sa launin gaske, yanki yanki. Daga ƙarshe a bi waɗansu wurare da launi tsararo mai yawan mai, shi ne ke sa ja ya yi zurfi, shuɗi ya yi kamar ana leƙa rijiya. Akwai kuma ka'ida: hawan ƙasa mai kaɗan, hawan sama mai da yawa. Wanda ya juya ta, hotonsa zai tsattsage kamar fadama da rani.

To, a shago irin wannan kullum akwai hotuna jingine da bango suna shan iska, wani an yi masa layi, wani yana mataccen launi, wani saura fuska. Ran da aka miƙa wa yaro gamammen hoto aka ce ya kwaikwaya, ya riga ya san abin da ke kwance ƙarƙashin ko wane launi, don shi ya niƙa shi, a gabansa kuma aka shafa. In ya gama, maigida ya kan bi aikin da nasa burushi, ya sayar, kuɗin ya shiga aljihunsa. Almajiri ba shi da ikon sa sunansa. Wannan ya sa masana suka sha gardama bisa hotuna da yawa, wanne ne na Rembrandt, wanne ne na yaransa.

Almajirin Rembrandt na farko shi ne Gerrit Dou, wanda ya shiga hannunsa a birnin Leiden cikin 1628 yana da shekara goma sha huɗu, ya kuma zama ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kowa cin kasuwa da hoton cikin ɗaki. Sandrart ya ce Dou ba shi da abokin gaba kamar ƙura. In ya shiga ɗakin aiki sai ya zauna shiru, sai ƙurar da ya tayar ta kwanta, sa'an nan ya buɗe akwatin launi. Ya ce kuma ya yaba masa wani ɗan sandan tsintsiya da ya zana, wanda bai fi farce girma ba, sai Dou ya ce ai da sauran aikin kwana uku a kansa.

Amma wanda sunansa ya fi fita yau cikin masu wannan zane shi ne Johannes Vermeer, mutumin Delft. An haife shi cikin 1632, ya shiga ƙungiyar masu zane cikin Disamba 1653. Kuɗin shiga gilda shida ne, amma ɗaya da rabi ya iya biya, sai cikin 1656 ya cika sauran. Ba shi da gaggawar aiki, hotunansa da aka sani ba su kai arba'in ba.

Ya kamata a tsaya a dubi guda daga cikinsu, wanda ya yi wajen 1660, don a ga abin da mai kwaikwayo zai yi fama da shi. Tsawonsa inci goma sha takwas ne, faɗinsa goma sha shida. Baranya ce tsaye a kusurwar ɗaki, da farin ɗankwali da riga rawaya da shuɗin zanen aiki a ƙugu, tana tsiyaya madara daga ɗan tulu zuwa cikin kasko. Ga burodi bisa tebur, ga kwando da wani ɗan mazubi na tagulla rataye a bango, ga taga a hannun hagu, gilashinta guda a fashe. Shi ke nan. Ɗan koyo zai ce wannan ai mai sauƙi ne, ya fara da bango, tun da bango fari ne. Nan zai faɗi. In an duba da kyau, bangon kusa da taga duhu ne, yana ƙara haske ana nisa da ita. Saboda haka gefen baranyar da haske ya buga ya faɗa bisa bango mai duhu, gefenta mai inuwa kuma ya faɗa bisa bango mai haske, shi ne ya sa ta fito sosai kamar za ta juyo. A bangon akwai ƙusa guda da 'yar inuwarta, da ramukan waɗansu ƙusoshi da aka cire. Ɓawon burodin kuwa ɗige-ɗige ne na fenti mai kauri; kusa da shi ba a ganin kome sai tabo, in an ja da baya sai ya zama burodi. Shuɗin zanen nan daga wani dutse a ke samunsa, wanda a ke haƙowa a duwatsun Badakshan ta Afganistan, ya fi ko wane launi tsada. Sauran masu zane su kan yi tsimin sa, Vermeer kuwa har cikin inuwa ya ke sa shi, inda ba mai cewa akwai shuɗi.

Tsadar launi da jinkirin aiki ba su tara masa dukiya ba. Cikin 1672 Faransa ta kawo wa Holan yaƙi, kasuwar hoto ta mutu. Vermeer ya rasu cikin Disamba 1675 yana da shekara arba'in da uku, ya bar mace da 'ya'ya goma sha ɗaya da bashi. Mai gidan burodi kaɗai yana binsu fiye da gilda 600, sai da matar ta ba shi hoto biyu jingina. Bayan shekara ashirin da ɗaya, a wani gwanjo a Amsitadam, aka sayar da hoton baranyar nan gilda 175. Daga nan sunan Vermeer ya yi ta dushewa a wajen ƙasarsa, har aka riƙa sayar da hotunansa da sunan waɗansu, sai cikin 1866 wani Bafaranshe, Théophile Thoré, ya yi rubutu a kansa ya tono shi.

Kafin wannan lokaci hanyar koyo ta sake. Ƙungiyoyin masu sana'a sun mutu, makarantu sun maye gurbin shago. Cikin 1793, bayan Faransawa sun tumɓuke sarautarsu, aka buɗe fadar Louvre a Faris ta zama gidan hotuna na jama'a. A lokacin sun mai da makonsu kwana goma, sai aka ware kwana biyar don masu zane su zo su kwaikwaya, uku don 'yan kallo, biyu don shara. Daga baya aka kafa ka'ida, kwaikwayo ba zai zama daidai da girman na asali ba, ba kuma za a sa masa sunan mai hoton ba, don kada wani ya fita da shi ya cuci mutane. Wannan babbar kyauta ce ga ɗan talaka, gama ga gwanayen duniya duka a ɗaki ɗaya, ba ko kwabo. Sai dai gwanayen sun mutu, ba mai amsa tambaya. Launin ma ba irin nasu ba ne. Cikin 1828 aka sami hanyar haɗa shuɗin nan mai tsada a masana'anta, cikin 1841 kuma wani Ba'amurke, John Rand, ya ƙago ɗan bututun kuza na ajiye fenti. Ɗalibi ya daina niƙa, sai ya saya a kanti ya matsa.

Henri Matisse yana cikin waɗanda suka ɗanɗana wannan. Da fari akawu ne a ofishin lauya a garin Saint-Quentin. Ciwon ciki ya kwantar da shi yana ɗan shekara ashirin, uwarsa ta kawo masa akwatin fenti don ya rage zaman kaɗaici, ya fara kwaikwayon waɗansu hotuna na ɗab'i. Da ya warke, aikin ofis ya fita daga ransa, ya tafi Faris cikin 1891. Malaminsa Gustave Moreau ya kan kora almajiransa Louvre. A can Matisse ya zauna gaban wani ƙaramin hoto na Chardin, gwanin zana kayan gida a Faransa, wanda ya rasu cikin 1779. Akwatin taba ne a buɗe, da lofe, da ɗan tulu. Shuɗin cikin murfin akwatin ya gagare shi, yau ya gan shi ya karkata wajen ja, gobe wajen kore. Har ya yanka hoton gwajinsa gunduwa gunduwa, ya riƙa kara ko wace kusa da na asali. Ko wace gunduwa ita kaɗai ta yi daidai, amma da ya haɗa su sai kamar ta ɓace. Gani ba ci ba ne. Launi bisa ƙyalle ba shi kaɗai ya ke zaune ba, na ƙarƙashinsa da na maƙwabtansa suna sake masa kama. Matisse bai zama Chardin ba, bai ma nemi ya zama ba. Ya fita da idon da ya san zaman launi da launi, ya shahara da zana ɗakuna jajaye da shuɗɗa waɗanda ba su yi kama da na kowa ba.

Na ukun ba mai zane ba ne ko kaɗan. Tim Jenison injiniya ne, wanda a lokacin ya ke da kamfanin kayan kwamfuta a San Antonio ta jihar Texas a Amurka. Ya karanta littattafan da David Hockney da Philip Steadman suka fitar cikin 2001, masu cewa waɗansu gwanayen da sun taimaki idonsu da gilashi da madubi. Sai ya ce bari ya gwada. Dabararsa ɗan ƙaramin madubi ne bisa sanda, a karkace, tsakanin idonsa da ƙyalle. Cikin madubin yana ganin abin da zai zana, a bakin madubin yana ganin fentinsa. Sai ya yi ta ƙara haske ko duhu har bakin madubin ya ɓace masa, ya san launi ya yi daidai, ya matsa gaba. An ce ido ba mudu ba, ya san ƙima. Shi Jenison mudun ya nemo.

Ya zaɓi hoton Vermeer na mace mai koyon kiɗa, wanda ke cikin kayan gidan sarautar Ingila tun 1762. An bar shi ya dubi na asali rabin sa'a kawai a fadar Buckingham. Maimakon ya kwaikwayi hoton, sai ya gina ɗakin kansa cikin wani sito: tagogi, da daɓe mai baƙi da fari, da akwatin kiɗa, da kujera, da darduma bisa tebur. Ya niƙa launinsa, ya goge gilashinsa da hannu. Zanen kaɗai ya ci masa kwana 130, dardumar nan kuwa ta kusa ƙure haƙurinsa, don ƙulli ƙulli ya bi ta. An nuna labarin a majigi cikin 2013, hoton kuwa ya ba mutane mamaki.

Abin da ya tabbatar shi ne, mutum mai haƙuri, wanda bai taɓa koyon fenti ba, yana iya fitar da kamar ɗaki da madubi. Cewa haka Vermeer ya yi kuwa, wannan wata magana ce, masana da yawa ba su yarda ba, hujjarsu kuma tana da ƙarfi. Cikin Fabrairu 1676 an rubuta kayan gidan Vermeer ɗaki ɗaki saboda bashi. A ɗakin aikinsa an ƙidaya katakon jingina hoto biyu, allon launi uku, ƙyalle goma, ba a ambaci gilashi irin wannan ba. A hotunansa fiye da goma kuma an sami ɗan ramin allura a inda layukan daɓe da na taga su ke haɗuwa, alamar ya kan kafa allura ya ɗaura zare ya ja layi, kamar yadda magini ke yi da igiya.

Cikin 2022 ma'aikatan babban gidan hotuna na Amsitadam, inda hoton baranya mai madara ya ke tun 1908, suka haska shi da na'urori masu ratsa fenti, dangin hasken da likita ke duba ƙashi da shi. Suka tarar da baƙin layi mai kauri a ƙarƙashin hannunta na hagu, an ja shi da sauri, irin na mutumin da ke neman siffa bai tsai da ita ba tukuna. A bangon da ke bayan kanta suka ga katako mai maratayi, da tuluna rataye. A ƙasa ta hannun dama suka ga babban kwando na saƙa, irin wanda matan Holan na zamanin su kan sa garwashi a ciki su shanya tsumman jarirai. Duka biyu ya fara su, sa'an nan ya shafe. Inda kwandon ya ke ya sa ɗan akwatin ɗumama ƙafa da jerin tangaran a gindin bango, wajen tulunan kuwa ya rufe da fari, ya bar bangon da ƙusarsa da ramukansa.